Ganau da Jiyau: Neman Madogara a Binciken Adabin Hausa



An nemi in yi magana a kan yadda ɗalibi zai nemo abubuwan da zai dogara da su idan ya tashi rubuta kundin bincike a fannin adabi. Bisa al'adar jami'a, duk ɗalibin da ya kai shekarar ƙarshe akan ce ya zaɓi wani batu, ya bincika, ya rubuta, a yi wa aikin bango a ajiye a sashe. Kafin ya fara kuwa akan gaya masa cewa madogara iri biyu ce, akwai ta farko, akwai ta biyu. Yakan rubuta wannan a littafinsa, ya haddace, ya kawo a jarrabawa ya ci. Amma ran da aka sake shi cikin laburare, sai ka tarar ya ɗebo duk abin da ke ɗauke da sunan batunsa, ya zuba a kwando guda, bai san wanne ne shaida ba, wanne ne labarin shaida.

Wannan rarrabewa ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Almajirin zaure ya san bambancin matani da sharhi. Ya san Risala daban, littattafan da suka yi mata sharhi daban, kuma malaminsa ba zai yarda ya jingina wa mai matani maganar mai sharhi ba. Alƙali ma a kotu ya san bambancin wanda aka yi abu a kan idonsa da wanda aka ba labari a kasuwa. Bahaushe ya raɗa wa mutanen nan biyu suna, ya ce da ɗaya ganau, ɗaya kuwa jiyau. To, madogara ta farko ita ce ganau, watau waƙar kanta, ko littafin kansa, ko faifan da aka ɗauki muryar makaɗi, ko wasiƙar da marubuci ya aika wa mai buga masa littafi. Madogara ta biyu ita ce jiyau, watau abin da wani ya rubuta bayan ya karanta, ko ya saurara, ya yi tunani. Da waɗannan sunaye biyu zan yi amfani har in sauka.

Tambayarka ita ke zaɓar ganau

Abin da ba a cika gaya wa ɗalibi ba shi ne, babu littafin da aka buga wa hatimi a goshi cewa shi ganau ne har abada. Tambayar da mai bincike ya ɗauko ita ce ke raba wa kowace takarda matsayinta.

Bari in kawo misali da abin da kowa a zauren nan ya sani. A shekarar 1933 Dokta Rupert East, wanda ke shugabantar hukumar fassara da talifi a Zariya, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sa'an nan ga Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East ɗin kansa. A 1936 East ya buga wata maƙala a mujallar Africa, yana bayyana yadda ya zaga garuruwa yana neman malamai su rubuta labari na ƙage, da irin wahalar da ya sha kafin su ɗauki abin da muhimmanci, da kuma ra'ayinsa game da abin da suka rubuto. Yanzu idan ɗalibi yana nazarin salon ba da labari a Ganɗoki, to Ganɗoki shi ne ganau, maƙalar East kuwa jiyau ce, ra'ayin wani mai karatu ne kawai, ana iya karɓa ana iya ƙi. Amma idan tambayarsa ita ce yaya aka yi ƙagaggen labari ya shigo rubutun boko na Hausa, sai maƙalar nan ta tashi daga jiyau ta koma ganau, domin wanda ya shirya gasar ne da kansa yake magana, shekara uku kacal bayan an yi ta. A lokacin nan sai a karanta ta da irin idon da alƙali yake kallon mai shaida: me ya gani, me ya faɗa, me ya yi shiru a kai, kuma wa yake so ya gamsar? Kada a manta Turawa 'yan'uwansa yake rubuta wa.

Haka abin yake ga muhawarar da aka tafka a jaridu cikin shekarun 1990 a kan littattafan da Ibrahim Malumfashi ya kira adabin kasuwar Kano, inda shi da Abdalla Uba Adamu da Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu da wasu suka yi ta musayar alƙalami. Ga mai nazarin Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, ko In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, rubuce-rubucen muhawarar nan jiyau ne. Ga mai son sanin yadda 'yan boko suka karɓi waɗannan littattafai kuwa, su ne ainihin kayan aikinsa, kuma tilas ya je ya nemo jaridun da kansu, kada ya tsaya ga taƙaitawar wani.

Saboda haka ɗalibin da ya zo ofishina ya ce mini, "Malam, ina zan sami madogara?" ni kan mayar masa da tambaya in ce, "Me kake so ka sani?" In ya ce yana so ya yi rubutu a kan Shata, sai in ce wannan sunan mutum ne, ba tambaya ba ce. Ya koma ya dawo.

Hannu nawa ta bi kafin ta iso gare ka?

Ko da ɗalibi ya gane ganau ɗinsa, da sauran aiki, kuma nan ne adabinmu yake da wuyar sha'ani. Abin da muke riƙe da shi a hannu muna kira matani, sau da yawa ya ratso hannuwa da dama kafin ya iso, kowane hannu kuwa ya bar tabonsa.

Ɗauki waƙar nan Tabban Haƙiƙan, wadda ɗalibai sukan rubuta kai tsaye cewa waƙar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ce, su shiga fiɗar kalmominta suna cewa ga irin Hausar Shehu. Alhali Shehu da Fulatanci ya yi ta. 'Yarsa Nana Asma'u ce ta mayar da ita Hausa bayan rasuwarsa, kuma tahamisin da ya mayar da baitocinta masu ɗango biyar-biyar ana danganta shi ga ɗansa Isa, wanda aka fi sani da Isan Kware. Ma'anar ta Shehu ce, babu shakka, amma zaɓen kalmomin Hausa da amsa-amo aikin 'ya'yansa ne. Bayan wannan kuma sai masu kwafa suka yi ta kwafarta da ajami, zuriya bayan zuriya, sa'an nan wani ya juya ta zuwa boko, sa'an nan mai ɗab'i ya jera haruffa. Wanda bai san wannan salsala ba yana iya gina babi guda a kan kalmar da ba Shehu ya faɗa ba, ba Nana ba, watakila kuskuren mai jera haruffa ne.

Tatsuniya ma haka. Babban taskar tatsuniyoyinmu a rubuce shi ne Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, juzu'i uku, wanda Frank Edgar ya buga a Belfast tsakanin 1911 da 1913, Neil Skinner kuma ya fassara shi zuwa Turanci daga baya. Amma Edgar bai zauna a tsakar gida da dare ya saurari tsohuwa tana yi wa jikokinta gatanan gatananku ba. Malamai maza ne suka rubuta da ajami saboda Bature ya nema, shi kuma ya juya zuwa haruffan boko ta hanyar da ya ga ta dace da kunnensa. Malami kuwa in ya riƙe alƙalami yakan daidaita magana, ya rage waƙar da ke cikin tatsuniya, ya kauce wa abin da yake jin nauyin rubutawa. Irin wannan ne littafin R. S. Rattray na 1913, wanda wani Malam Shaihu ya rubuta masa da ajami a ƙasar da yau ake kira Gana, sai dai shi Rattray ya kyauta da ya buga ajamin gefe da gefe, har mai karatu yana iya duba aikinsa. Magana Hausa na J. F. Schön kuwa, na 1885, mafi yawan daɗinsa daga bakin Dorugu ya fito, yaron nan da ya bi Barth zuwa Turai. Duk waɗannan ganau ne, ban hana kowa amfani da su ba. Abin da nake nema kawai ɗalibi ya faɗi a kundinsa cewa ya san wanda ya yi maganar, da wanda ya rubuta, da wanda aka rubuta dominsa.

Wani lokaci kuma suna ɗaya ne, abubuwan da yawa. Shaihu Umar littafin zube ne na Tafawa Ɓalewa. Akwai fassararsa ta Turanci da Mervyn Hiskett ya yi a 1967, akwai wasan kwaikwayon da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka tsara aka buga a 1975, akwai kuma fim ɗin Adamu Halilu na 1976. Na sha ganin kundin da ya ce yana nazarin littafin, amma misalan da ya kawo daga wasan kwaikwayon suke.

Game da rubutacciyar waƙa ina so in daɗe kaɗan, domin nan ne ɗalibanmu suka fi yin asara, saboda da yawansu sun zo jami'a ba su iya karanta ajami ba, ko kuwa sun iya suna jin kunyar nunawa. Rubutun boko da muke yi yau ba ya nuna tsawon wasali. Ajami kuwa yana nunawa, da alifi da wawu da ya. Karin rubutacciyar waƙar Hausa a kan gajeren gaɓa da dogon gaɓa ya ginu, bisa ma'aunin aruli. Ashe ke nan mai nazarin kari wanda ya tsaya ga bugun boko ya yar da rabin shaidarsa da hannunsa. Ajamin ma yana da nasa rami: wasalin o da na u sukan zo da alama ɗaya, b da ɓ sau da yawa harafi ɗaya ne, kuma kowane malami da yadda yake rubuta k da ƙ. Don haka kwafe guda ba ya isa. A nemi biyu ko uku a jera, a ga inda suka saɓa, in kuwa da wanda ya haddace waƙar yana rera ta, a je a saurare shi, domin rerawa takan warware abin da ya shige wa ido duhu.

Sa'an nan ga maganar ramzi. Mawaƙanmu na da sukan ɓoye shekarar da suka gama waƙa cikin wata kalma a baitocin ƙarshe, kowane harafi da adadinsa. Lissafin da malaman ƙasar nan suka bi shi ne na Magariba, wanda ya saɓa da na Gabas a wasu haruffa. A lissafin Magariba harafin shinun 1000 ne, ra kuwa 200, shi ya sa ramzin waƙoƙin ƙarni na sha uku na Hijira yakan ƙunshi haruffan nan biyu. A lissafin Gabas kuwa shinun 300 ne. Ɗalibin da ya ɗauko jadawalin Gabas daga wani littafi ya auna waƙar Sakkwato da shi, zai mayar da ita baya da shekara 700, ya kai ta zamanin da ba a haifi kakan kakan mawaƙin ba. In an fitar da shekarar Hijira kuma sai a juya ta da hankali: shekara ta 1200 ta kama ne a ƙarshen 1785, ta 1300 kuwa a ƙarshen 1882, kuma kusan kowace shekarar Hijira tana taka shekara biyu na Miladiyya. A lura kuma da sunan da ke ƙarshen takarda, domin sau da yawa na mai kwafa ne, ba na mawallafi ba. Ita takardar ma shaida ce. In ka ɗaga ta ga haske ka ga tambarin jinjirin wata uku a jikinta, to irin takardar nan ce da ake yi a arewacin Italiya, fatake suna ratso Sahara da ita. Wannan ba zai gaya maka ranar da aka yi waƙar ba, amma zai taimaka wajen kintatar zamanin da aka yi kwafen.

Waƙar baka kuma matsalarta daban. Littafin da aka juye waƙoƙin Narambaɗa ko na Ɗanƙwairo a ciki abu ne mai amfani ƙwarai, kuma muna bin masana irin su Sa'idu Muhammad Gusau bashin godiya saboda tattara su. Amma takarda ba ta ɗaukar kotso, ba ta ɗaukar yadda 'yan amshi suke karɓe wa jagora, kuma mai juyewa yakan gyara Sakkwatanci ya koma daidaitacciyar Hausa ba tare da ya ankara ba. Ganau a nan shi ne sautin. Sautin ma ba ɗaya ba ne. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, yakan yi waƙa ɗaya a wurare da yawa, kowane wuri da mutanen da ya ambata da abin da ya ƙara ko ya rage. Wanda ya ce "Shata ya ce" sai a tambaye shi, a wane ɗauka? Na faifan garmaho, ko na gidan rediyo, ko na wani biki da aka ɗauka a kaset? In bai sani ba, ya faɗi inda ya samo nasa, da tsawon mintocinsa, don wanda zai zo bayansa ya iya gane shi.

Hira da mawaƙi ko iyalinsa ita ma ganau ce, amma ganau ce a kan abin da mutumin ya tuna ran da aka yi hirar. A rubuta rana da wuri, a nemi izininsa kafin a kunna na'ura, a ajiye sautin, kada a dogara ga abin da aka tuna bayan an dawo gida.

Ina ake samunsu?

Na san wannan ne abin da mafi yawanku kuka zo ji. A Kaduna akwai Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa, inda fayilolin mulkin Turawa na lardunan Arewa suke, tare da rubuce-rubucen Larabci da ajami. Duk mai bincike a kan hukumomin talifi, tun daga na zamanin East har Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945 da hukumar NORLA ta shekarun 1950, ya kamata ya leƙa fayilolin ilmi na wurin. A Kadunan dai akwai Gidan Arewa na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda aka kafa a 1970. A Zariya akwai Laburaren Kashim Ibrahim. A Kano akwai laburaren Jami'ar Bayero da cibiyarta ta nazarin harsunan Nijeriya, da hukumar tarihi da al'adu a Gidan Ɗan Hausa. A Sakkwato akwai hukumar tarihi mai ɗauke da sunan Waziri Junaidu. Gidan kayan tarihi na Jos da Jami'ar Badun su ma suna da tarin rubuce-rubucen hannu. Kada kuma iyakar da Turawa suka shata ta tsare mu: a Yamai akwai sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar binciken Jami'ar Abdu Mumuni, kuma wanda yake son Alhaji Umaru, Bakanon nan da ya zauna Salaga ya rasu a Kete-Krachi a 1934, sai ya nufi cibiyar nazarin Afirka ta Jami'ar Gana a Legon. Can ƙetare kuma, laburaren Jami'ar Northwestern a Amurka yana riƙe da tarin littattafan Umar Falke na Kano, makarantar SOAS ta Landan kuwa tana da tarin littattafan Hausa masu yawa.

Tsofaffin jaridu kada a raina su. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ta buga waƙoƙi da wasiƙun masu karatu waɗanda ba su taɓa shiga wani littafi ba.

Amma babban rumbun ba na gwamnati ba ne. Yana cikin zaurukan malamai, cikin gafaka da akwatuna, a gidajen da aka gaji karatu. Jean Boyd ba ta iya tattara ayyukan Nana Asma'u ba sai da Waziri Junaidu ya buɗe mata taskar gidansu, kuma daga nan ne aka sami babban littafin da ita da Beverly Mack suka fitar a 1997. Shiga irin waɗannan gidaje kuwa sai da ladabi. Takardar gabatarwa daga shugaban sashe ba ta buɗe gafaka. A nemi wanda mai gidan ya sani ya yi rakiya, a je a gaishe shi, a faɗi abin da ake nema da dalilin nemansa, kuma kada a sa rai a gani ran farko. In an fito da takardun, kada a nemi aronsu, domin gidaje da yawa sun ba da aro ba a mayar musu ba, shi ya sa suka rufe ƙofa. A nemi izinin ɗaukar hoto a nan gabansa. A kula da jerin takardun, tun da ba a ɗinke suke ba, kalmar nan da mai kwafa yakan rubuta a ƙasan shafi ita ce ke nuna shafin da ke biye. In aiki ya kammala, a kai wa mai gida kwafe guda.

Jiyau fa? Shi nemansa ya fi sauƙi, shi ya sa ba zan daɗe a kansa ba. A fara da littattafan da aikinsu shi ne nuna hanya. Sergio Baldi ya fitar da jerin rubuce-rubucen da aka yi a kan Hausa a 1977. John Hunwick ya fitar da juzu'in da ya lissafa marubutan wannan yanki da ayyukansu a 1995, wanda ya wajaba ga mai nazarin masu jihadi. Hausa a Rubuce na marigayi Ibrahim Yaro Yahaya, na 1988, shi ne ƙofar shiga tarihin rubutun Hausa. Ga littafin Hiskett na 1975 a kan tarihin waƙoƙin addini, ga na Graham Furniss na 1996 wanda ya haɗa waƙa da zube da wasan kwaikwayo, ga mujallar Harsunan Nijeriya. In ka sami ɗaya mai kyau, juya bayansa ka karanta jerin manazartarsa, ka bi su ɗaya ɗaya, kowanne zai miƙa ka ga wani. Ran da ka ga sunaye sun fara maimaita kansu, to ka kusa zagaye gonar.

Kundayen manyan digiri na Zariya da Kano da Sakkwato da Landan suna ƙunshe da aikin da har yau ba a buga ba. Kundin Bello Sa'id na 1978 a kan gudummawar masu jihadi ga adabin Hausa, da na Ɗalhatu Muhammad na 1977 a kan waƙoƙin Aƙilu Aliyu, misalai ne na aikin da aka yi da ganau a hannu. Kundin digirin farko kuwa, na ɗalibin da ya riga ka da shekara biyu, ba hujja ba ne. Ɗan'uwanka ne mai koyo. A wajen duba kundaye na sha tarar da kuskure guda, na shekara ko na sunan gari, ya bi ta kundi huɗu ko biyar kamar gadon gida, kowa ya kwafa daga na gabansa, kuma kowa ya rubuta sunan littafin asali a manazarta kamar ya gan shi da idonsa. Masu ilmin hadisi sun daɗe da magance wannan: in ba ka ji daga bakin mutum ba, faɗi wanda ya gaya maka. Rubuta cewa wane ya ce, kamar yadda wane ya ruwaito. Ba abin kunya ba ne. A kuma duba shekarar kowane sharhi, domin wanda ya yi rubutu a 1975 bai ga abin da aka tono a 1997 ba.

Intanet ta kawo sauƙi wanda magabatanmu ba su yi mafarkinsa ba. Jami'ar Boston ta ɗora hotunan rubuce-rubucen ajami na Hausa, Laburaren Birtaniya ma yana da shirin ɗaukar hoton takardun da ke cikin haɗarin lalacewa, kuma tsofaffin littattafai irin na Schön da na C. H. Robinson na 1896 ana samun hotonsu kyauta. Hoton takarda daga irin waɗannan wurare ganau ne, ko kusa da shi. Amma baitin da wani ya buga da yatsa a Facebook ba tare da ya ce ga inda ya samo ba, jiyau ne wanda ba a san ubansa ba. Manhajojin nan kuma masu amsa tambaya, suna iya ƙaga maka sunan littafi da marubuci da shekara, duk su yi kama da gaskiya, alhali babu littafin a duniya. Duk sunan da suka ba ka, kada ya shiga kundinka sai ka riƙe abin a hannu ko ka ga shafinsa.

Saura kalma guda ga ma'aikatan gwamnati, tun da Allah ya kawo ku. Ganau ɗin da ɗaliban shekara hamsin masu zuwa za su nema, yau yana cikin ofisoshinku. Yana cikin fayilolin ma'aikatun ilmi da na watsa labarai, da rahotannin gasar rubutu, da faya-fayan gidajen rediyo da talabijin inda muryoyin makaɗan da suka riga mu gidan gaskiya suke kwance. Gara da ɗigon rufi da zafi ba sa jiran a amince da kasafin kuɗi, kuma faifan da aka goge aka ɗauki jawabin wani biki a kansa ya tafi ke nan. Fim ɗin Shaihu Umar da na ambata ɗazu ya yi shekaru da dama ana zaton ya ɓata, sai a 2016 aka gano faya-fayansa a wani tsohon ɗakin ajiya na hukumar fina-finai a Legas, aka kai Jamus aka gyara, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Wannan ya yi sa'a. Abin da nake roƙo ba mai tsada ba ne: kafin a share sito a ƙona tsofaffin takardu, a aika wa gidan adana takardu ko sashen Hausa mafi kusa su zo su duba, a sa wani akawu ya rubuta jerin faya-fayan da ke ɗakin ajiya, da sunan makaɗi da ranar ɗauka in tana jiki, in kuma ɗalibi ya zo da takardar gabatarwa yana neman fayil, a ba shi kujera.

Shugaban taro, na ga lokacin da aka ɗiba mini ya cika, kuma na hangi hannuwa sun fara tashi daga bayan zaure.